Tuta Ba Ta Isa Ba, Sai da Kundi

Akwai wata ƙasa a tsakiyar Turai, tsakanin Jamus da Folan da Sulobakiya da Ostiriya, wadda ake kira Jamhuriyar Cek. Ko wanda bai taɓa jin sunanta ba a cikinmu, da wuya a ce bai san takalmin Bata ba. To, asalin kamfanin nan daga can yake, a garin Zlin aka kafa shi cikin 1894. Mutanen ƙasar duka ba su cika miliyan 11 ba, amma tana da garuruwa da ƙauyuka fiye da 6,200, kowannensu da zaɓaɓɓiyar majalisarsa da shugabansa da baitulmalinsa. Fiye da rabinsu ba su kai mutum 500 ba, har akwai waɗanda in an tara mutanensu kaf ba za su cika motar safa ɗaya ba. Duk da haka, mafi yawan waɗannan 'yan ƙauyuka suna da tutarsu ta kansu da tambarinsu, sa'an nan doka ta wajabta wa kowannensu ya ajiye kundi, ya riƙa rubuta abin da ya auku a cikinsa shekara-shekara.

Wanda ya ji wannan labari da farko, watakila dariya ce za ta kama shi, ya ce ina ruwan ƙauyen da kajinsa suka fi mutanensa yawa da wata tuta, sai ka ce daular Usmaniyya? Ni kuwa ra'ayina, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, shi ne mutanen nan sun yi daidai, kuma sun san abin da ya sa suka dage. Ikon da ƙauye yake da shi na ambaton sunansa da faɗin tarihinsa da bakinsa wani ɓangare ne na 'yanci, kuma su an taɓa ƙwace musu shi har sau biyu cikin ƙarni guda. Amma zan ƙara da cewa tuta ita kaɗai ba ta riƙe wannan 'yanci, domin tuta abin daɗi kawai take faɗi. Abin da yake riƙe shi shi ne kundin nan da ake rubutawa, wanda yake iya ɗaukar mai daɗi da mai ɗaci.

Yadda ƙauye yake samun tuta

A zamanin da, birane da manyan kasuwanni ne kaɗai sarakuna suke ba tambari. Ƙauye, in ya samu da yawa, hatimi gare shi, wanda dagaci yake bugawa a takarda, musamman a lardin Morabiya da ke gabashin ƙasar, inda ƙauyuka da yawa suka mallaki hatimi tun ƙarni na 17 da na 18. Bayan faɗuwar mulkin 'yan gurguzu cikin Nuwamba 1989, dokar ƙananan hukumomi ta 1990 ta buɗe ƙofa ga kowa, babba da ƙarami. Cikin 1991 majalisar dokoki ta kafa wani ƙaramin kwamiti na musamman domin duba tambura da tutoci, kuma har yau, bisa dokar shekarar 2000 wadda ta maye gurbin ta farko, Kakakin Majalisar Wakilai ne yake ba da su.

Ga yadda abin yake gudana. Majalisar ƙauye ta nemi wani masanin ilmin tambari ya zana mata samfuri biyu ko uku. A kai su gaban jama'a, a yi ta gardama, a zaɓi ɗaya, a aika babban birni Prag. Can masana su duba ko ya bi ƙa'ida, ko kuma ya yi kama da na wani gari, su amince ko su mayar a gyara. In an amince, a gayyaci shugaban ƙauyen zuwa majalisa, Kakaki ya miƙa masa takardar shaida hannu da hannu, sa'an nan a shigar da tutar cikin rajistar da majalisa take ajiyewa, wadda kowa yake iya dubawa ta intanet. Mu da muka san abin da ake nufi in an ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba wane tuta, ba ma bukatar dogon bayani kafin mu gane cewa ƙyallen ba shi ne abin dubawa ba. Wanda aka ba tuta, an amince da zamansa ke nan, an san da shi.

Ƙa'idojin kuwa tsofaffi ne, an gaje su daga zamanin mayaƙa masu sulke. Launukan da aka fi amfani da su shida ne: ja, shuɗi, kore, baƙi, sai rawaya da fari waɗanda suke tsayawa a madadin zinariya da azurfa. Ba a son a ɗora ja a kan shuɗi ko fari a kan rawaya, domin a iya shaida alama daga nesa. Ba a son hoto irin na kyamara, ba a son yawan tarkace. Galibin tutocin, in faɗinsu ya yi kashi 2, tsawonsu ya yi kashi 3. Saboda wannan ƙuntatawa, tilas ne mutanen ƙauye su zauna su tace tarihinsu na shekara ɗari shida ko bakwai, su fito da alama biyu ko uku rak. Nan ne aikin yake da wuya, nan ne kuma yake da amfani.

Abin da ake karantawa a jikin ƙyalle

Wanda ya iya karatun tutocin nan, zai iya gane ƙasa ba tare da taswira ba. In ya ga bakin garma ko lauje, ya san manoma ne, kuma sau da yawa daga tsohon hatimin dagaci aka ɗauko alamar. In ya ga nonon inabi da wuƙar yankansa, ya san ya iso kudancin Morabiya. In ya ga kifi, mai yiwuwa yana kudancin lardin Bohemiya, inda aka haƙa manyan tafkunan kiwon kifi tun ƙarni na 16. Mafi girmansu, tafkin Rozmberk, wani ma'aikacin fada mai suna Jakub Krcin ne ya gina shi tsakanin 1584 da 1590. Guduma biyu a gicciye alamar masu haƙar ma'adini ce. Makulli ko takobi ko taurari biyar kuwa, alamar waliyyin da aka sa wa cocin ƙauyen sunansa ce. Wasu kuma sunansu kawai suke zanawa: ƙauyen da aka raɗa wa suna daga wata bishiya ya sa ganyenta, wanda aka raɗa wa daga bunsuru ya sa bunsuru.

Sunayen ma kansu tarihi ne. Akwai ƙauyuka ɗaruruwa a ƙasar masu suna Lhota ko Lhotka. Kalmar ta samo asali ne daga wa'adin da mai ƙasa yake ba baƙin da suka zo suka sare daji suka kafa gari, watau wasu 'yan shekaru da ba za su biya haraji ba sai gonakinsu sun kama. Duk inda ka ga Lhota, ka san akwai waɗansu talakawa da suka taɓa yin ciniki da wani basarake, suka sayar da ƙarfinsu suka sayi hutun haraji. Wani masani, Antonin Profous, ya ɓatar da rayuwarsa yana bin diddigin sunayen garuruwan Bohemiya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda August Sedlacek ya rubuta littafi mai juzu'i 15 a kan gidajen sarauta da ganuwoyin ƙasar tsakanin 1882 da 1927. Irin waɗannan littattafai ne mai zanen tuta yake fara buɗewa.

Sa'an nan kowane ƙauye yana tinƙaho da shekarar da aka fara ambatonsa a rubuce. Ita ce ake rubutawa a allon shiga gari, ita ake yi wa bikin cika shekara 600 ko 700, a kira 'yan asalin gari da suka watsu a birane su dawo gida, 'yan kwana-kwanan sa kai su yi fareti da tuta a gaba. Abin lura shi ne, wannan ambato na farko ba kasafai yake zama na yabo ba. Galibi takardar ciniki ce, wani basarake ya sayar da ƙauyen da mutanen cikinsa, ko ya ba da shi kyauta ga wani gidan ibada, ko kuwa shari'a ce a kan iyakar gona. Watau ƙauye ya shiga tarihi ne a matsayin dukiyar wani. Tuta kuwa ita ce karo na farko da ya shiga rajista a matsayin mai kansa.

Ruwa ba ya tsami banza

Dalilin da ya sa suka ɗauki abin da zafi yana cikin abin da suka gani. Ranar 10 ga Yuni 1942, sojojin Jamus na Hitila suka kewaye wani ƙauye mai suna Lidice, mai mutum wajen 500, a yammacin Prag, domin ramuwar kisan Reinhard Heydrich, gwamnan da suka ɗora wa ƙasar. A ranar suka harbe maza 173. Mata aka tura su sansanin Ravensbruck, yara 82 aka kashe su da iskar guba a Folan. Jimillar waɗanda suka halaka ta kai 340. Ba su tsaya nan ba: suka ƙone gidaje, suka rushe coci da makaranta, suka tone maƙabarta, suka baje wurin, sa'an nan suka yi shela cewa an shafe sunan garin. Bayan mako biyu suka yi wa wani ɗan ƙauye, Lezaky, irin wannan aika-aika. Azzaluman nan sun gane cewa kashe mutane bai isa ba sai an kashe sunan. Duniya ma ta gane, shi ya sa unguwanni da garuruwa a Meziko da Barazil da Amurka suka ɗauki sunan Lidice, kuma bayan yaƙi aka gina sabon Lidice kusa da kufan tsohon. Lezaky kuwa ba a sake gina shi ba.

Shafewa ta biyu ba da bindiga aka yi ta ba, da alƙalami aka yi. 'Yan gurguzu sun karɓi mulki cikin Fabrairu 1948. A 1950 yankin Cek yana da ƙananan hukumomi wajen 11,500. Kafin 1989 sun koma wajen 4,100. Masu tsara ƙasa a ofisoshi suka ware waɗansu ƙauyuka suka ce su ne cibiyoyi, nan za a kai makaranta da asibiti da kanti da sababbin gidaje. Sauran aka haɗe su a ƙarƙashin cibiyoyin, aka rufe musu makarantu, aka ƙuntata izinin gini, aka bar su su tsufa su mutu. Babu wanda ya tambayi mutanen ciki. A takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai, ya rage kashe kuɗi, ya rage yawan fayil.

To, dubi abin da ya faru da aka saki mara. Da zarar doka ta ba da dama cikin 1990, ƙauyuka fiye da dubu ɗaya suka ɓalle daga inda aka cusa su, kafin 'yan shekaru adadin ya haura 6,000. Abin da mutum ya fara nema ranar da aka kwance masa ɗauri, shi ne abin da ya fi yi masa ciwo. Waɗannan mutane majalisarsu suka fara nema, sa'an nan tutarsu. Har cikin 2016, da aka rage filayen atisayen soja, an kafa sababbin ƙananan hukumomi shida a wuraren da a da mazaunansu ba su da ikon zaɓen majalisar gari, saboda suna ƙarƙashin hukumar soja.

Abin da masu suka suke cewa

Akwai suka iri biyu, kuma duka biyun suna da ƙamshin gaskiya. Ta farko ta masu lissafi ce. Suna cewa in aka raba mutanen ƙasar da yawan hukumominta, kowace ba ta wuce mutum 1,700 da ɗoriya ba, wanda yake cikin mafi ƙanƙanta a ƙasashen Turai. Ƙauyen mutum ɗari ba zai iya ɗaukar injiniya ko akanta ba, wani lokaci ma da ƙyar ake samun masu tsayawa takara. Ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD ta sha ba ƙasar shawara ta rage wannan rarrabuwa. Amsa ita ce, tsintsiya ba ta bukatar a narkar da tsinkayenta kafin ta yi shara, maɗauri kawai take bukata. Doka ta ba ƙauyukan ikon kafa ƙungiyoyin haɗin kai bisa son ransu, su haɗa kuɗi su ja ruwan famfo, su riƙe makaranta ɗaya, su kwashe shara tare, kowa kuma yana riƙe da sunansa da majalisarsa. Haɗin da mutum ya shiga da ƙafarsa daban yake da wanda aka jefa shi ciki.

Suka ta biyu ta masana ce. Suna cewa waɗannan tutoci ba gado ba ne, jiya-jiya aka ƙaga su, wani ɗan birni aka biya ya zana, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Gaskiya ne mafi tsufansu a ƙauyuka bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Amma wace al'ada ce ba ta taɓa zama sabuwa ba? Tambarin Prag ma akwai ranar da aka fara zana shi. Abin tambaya shi ne ko alamar ta fito daga tarihin wurin, kuma ko mutanen wurin ne suka zaɓe ta. Daɗin daɗawa, gardamar da ake yi kafin zaɓen ta fi tutar daraja. A nan ne tsoho yake tuna inda injin niƙa na ruwa yake a da, malamin makaranta ya je ma'ajiyar takardu ya nemo tsohon hatimi, yaro ya ji karo na farko cewa garinsu ya girmi Amurka.

Abin da tuta take ɓoyewa

Sukar da ta fi waɗannan nauyi, ba a cika yin ta ba. A kudancin Bohemiya ƙauyuka da yawa sun sa furen wardi mai ganye biyar a tutocinsu, alamar gidan sarautar Rozmberk wanda ya ƙare cikin 1611. A waɗansu sassan Morabiya da gabashin Bohemiya kan baƙin sa na daji ne mai zobe a hanci, alamar gidan Pernstejn. Alamu ne kyawawa. Amma kakannin masu ɗaga su bayin ƙasa ne na irin waɗannan gidaje. Talakan ƙauye ba ya ƙaura, ba ya aure, ba ya sa ɗansa koyon sana'a sai da izinin mai ƙasa, har sai da Sarki Yusufu na Biyu ya soke wannan cikin 1781. Aikin tilas a gandun mai ƙasa kuwa, wanda dokar 1680 ta ƙayyade shi kwana uku a mako, bai ƙare ba sai 1848. Furen wardi ba ya faɗin wannan.

Akwai kuma waɗanda ba su nan balle a tambaye su. Yahudawan Bohemiya da Morabiya kusan 80,000 aka kashe a yaƙin duniya na biyu, cikinsu har da iyalan da suka yi ƙarnuka suna riƙe da kantunan ƙauyuka. Bayan yaƙi, cikin 1945 da 1946, aka kori masu jin Jamusanci kusan miliyan 3 daga Cekoslobakiya, mutanen da kakanninsu suka zauna a yankunan bakin iyaka tun shekara ɗari bakwai. Aka sauya sunayen garuruwa, aka kawo sababbin mazauna, ɗaruruwan ƙauyuka kuma suka zama kufai. Ɗauki misalin Holasovice, ƙauyen da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1998 saboda kyan gidajen manomansa. An ruwaito cewa annoba ta cinye shi tsakanin 1520 da 1525 har mutum biyu kaɗai suka saura, sai aka kawo baƙi daga Bavariya da Ostiriya suka raya shi. Zuriyarsu masu jin Jamusanci su ne suka gina mafi yawan gidajen da 'yan yawon buɗe ido suke ɗauka hoto yau, kuma su ma korar bayan yaƙi ta haɗa da su. Wace alama ce a cikin launi shida za ta iya ɗaukar wannan labari?

Kada kuma a zaci sabon zamani ya hana shafe ƙauye. A arewacin Bohemiya an rushe ƙauyuka da dama domin haƙar kwal, kuma ɗaya daga cikinsu, Libkovice, an rushe shi ne a farkon shekarun 1990, daidai lokacin da sauran ƙauyuka suke layin karɓar tuta.

Kundi

Nan ne kundi yake shigowa. Tun 1835 babban wakilin sarki a Bohemiya, Karel Chotek, ya ba da umarni garuruwa da majami'u su riƙa ajiye littafin tunawa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo bayan samun 'yanci. An kafa Cekoslobakiya ranar 28 ga Oktoba 1918, kuma tun ba ta cika shekara biyu ba, tana fama da yunwa da rikicin iyaka, majalisarta ta zauna cikin 1920 ta yi doka cewa kowace ƙaramar hukuma ta sayi kundi ta naɗa marubuci. Galibi malamin makarantar ƙauye ne ake ɗora wa aikin. Ya rubuta yawan ruwan sama da ƙanƙara, farashin alkama, gobara, ambaliya, sakamakon zaɓe, sunayen waɗanda suka tafi yaƙi ba su dawo ba, ranar da wutar lantarki ta iso, ranar da aka ga mota ta farko.

Shaidar cewa littattafan nan suna da ƙarfi ita ce yadda masu mulkin zalunci suka tsorace su. Cikin 1940 hukumomin mamayar Jamus suka ba da umarni a tattara su a kulle, sai bayan yaƙi marubuta suka cike giɓin. 'Yan gurguzu ba su hana ba, sai suka sa ido a kan abin da ake rubutawa. Saboda haka kundayen shekarun 1950 cike suke da yabon gonakin haɗin gwiwa, alhali a lokacin ne ake korar manyan manoma daga gidajen kakanninsu. Ashe kundi ma yana iya yin ƙarya. Bambancinsa da tuta shi ne, shi yana da shafi na gaba. Wanda ya zo daga baya yana iya rubuta abin da na farko ya ji tsoron rubutawa, kuma ko ƙaryar da aka rubuta ta zama shaida a kan zamaninta. Dokar 2006 wadda ake aiki da ita yanzu ta ce a yi rubutu aƙalla sau ɗaya a shekara, kowa yana da ikon dubawa, ɗan gari kuma yana iya neman a gyara ko a ƙara. Ma'ajiyoyin takardu sun ɗauki hoton tsofaffin kundaye da yawa sun sa a intanet, har da waɗanda aka rubuta da Jamusanci. Ta haka jikan wanda aka kora da jikan wanda aka kawo suke karanta shafi ɗaya.

Saboda haka nake cewa ƙauyen da ya samu tuta ya bar kundinsa ƙura tana ci, ya sayi kube ne ya bar takobi. Wanda kuma ya riƙe duka biyun, ya yi abin da ya kamata: yana da abin ɗagawa ranar biki, yana kuma da inda zai koma in gardama ta tashi a kan wane ne ya gina, wane ne aka zalunta, wane ne ya yi shiru.

Jan hankali ga masu riƙe alƙalami

Mafi yawanmu da muke karanta wannan mujalla, gobe ko jibi za mu zauna bayan tebur, a kawo mana fayil mai sunayen garuruwan da ba mu taɓa takawa ba. Za a ce mana a haɗe wannan da wancan, a tashi wancan saboda madatsar ruwa ko hanya, a sauya wa wancan suna domin ya fi daɗin faɗi. Wani lokaci tilas ne a yi. Amma masu tsarin da suka rage ƙauyukan Cek daga 11,500 zuwa 4,100 ba mugaye ba ne dukansu. Masu digiri ne irinmu, masu son ci gaba, waɗanda suka ɗauka cewa abin da bai shiga lissafi ba ba shi da nauyi. Shekara arba'in suna gini, mutane suka warware shi cikin shekara biyu ko uku. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai wata kama guda tsakaninmu da su wadda ta cancanci a ambata. Mafi cikar bayani a kan ƙauyukan Bohemiya bayan yaƙin shekara talatin yana cikin rajistar haraji ta 1654, inda aka ƙidaya gonaki da dabbobin kowane magidanci. Mu ma, ɗalibin da yake neman tarihin ƙauyensu a rubuce, sau da yawa sai ya je ma'ajiyar takardu ta Kaduna ya buɗe rahoton da wani jami'in Turawan mulki ya rubuta domin yanka haraji. Mai karɓar haraji abin da zai karɓa kawai yake gani. Mutanen Cek sun gane haka, suka karɓi alƙalamin suka ba malamin makarantar ƙauye, suka ce ya rubuta bana kafin baɗi ta zo. Kundi da alƙalami ba su kai kuɗin ɗinkin tuta ba, kuma ba sai an je babban birni neman izininsu ba. Tsofaffin da suka san amsa kuwa ba za su jira mu gama digiri ba.